Kurakuran da ke hana yaranmu samun gurbin karatun lauya

Duk shekara da zarar jami'o'i sun fara fitar da sunaye, sai a fara yawo da fayil a garin Jos. Uba ya taso daga Anguwan Rogo, yaya ya rako ƙanwarsa daga Bukuru, kuma maganar ɗaya ce: "Malam, yaron nan ya ci maki mai kyau, amma sun hana shi lauya." Idan aka buɗe fayil ɗin aka bi takardun ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa ba wanda ya hana shi komai. An yi ɓarnar ne tun kafin ya zauna gaban kwamfutar JAMB, wani lokacin ma tun shekara uku baya. Abin da ya gajiyar da ni shi ne kurakuran ba sa sauyawa, fuskokin yaran ne kawai ke sauyawa.

Sai an fara sanin inda hanyar ta nufa. Digirin lauya, wato LL.B, shekara biyar ne ga wanda ya shiga ta UTME, wato jarrabawar JAMB, huɗu ga wanda ya shiga aji biyu kai tsaye ta hanyar da ake kira DE. Amma digirin kaɗai ba ya ba mutum damar tsayawa gaban alƙali. Sai ya wuce Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya, mai hedikwata a Bwari ta Abuja da rassa a Legas, Enugu, Bagauda ta jihar Kano, Yola, Yenagoa da Fatakwal, ya ci jarrabawarta, a rantsar da shi, a rubuta sunansa a kundin Kotun Ƙoli. Duk shawarar da za ka yanke yau, auna ta da ƙofar Bwari, ba da ƙofar jami'a ba.

Babban abin da ke kayar da yara shi ne Adabin Turanci, darasin da suke kira Litirecha. Jami'o'i suna neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, kuma a cikin biyar ɗin dole akwai Turanci da Litirecha. A JAMB ma haka: Turanci, Litirecha, sai biyu daga darussan ajin at (Arts) ko na zamantakewa, irin su Gwamnati, Tarihi, IRS ko CRS. Wannan ba sirri ba ne, yana rubuce a kundin JAMB. Amma sai ka ga yaro ya gama SS3 da A da B a jere, ba Litirecha ko ɗaya, saboda a SS1 wani ya ce masa darasin yana da wuyar ci, ko makarantar ba ta da malaminsa, ko an tura shi ajin kimiyya don Baba yana son likita. Wani kuma ya yi Adabin Hausa ko Larabci, ya ɗauka za su tsaya a madadinsa. Ba sa tsayawa. D7 ma ba kiredit ba ce. Daga C6 kiredit ke farawa. Ko maki 320 ka ci a JAMB, na'urar tantancewa ba ta san tausayi ba, tana ganin gurbin Litirecha babu komai za ta tsallake sunanka, kuma ba wanda zai kira ka ya gaya maka dalili.

A nan laifin iyaye da malamai ya fi na yaran yawa, kuma gara a faɗa. Yaro ɗan shekara goma sha uku bai san abin da zaɓen darasi zai jawo masa ba. Kai da ka biya kuɗin makaranta shekara shida, ba ka taɓa tambayar darussan da aka yi masa rajista ba, sai ranar da aka ce ba shi da gurbi sannan ka fara neman wanda ya san wani a jami'a. Tun ran gini tun ran zane. Abin da nake sa a yi: idan yaro yana SS1 kuma ya taɓa furta kalmar lauya ko sau ɗaya, a sa masa Litirecha, ko da zai sauya ra'ayi daga baya. Idan ya riga ya gama babu shi, kada a sayi fom ɗin JAMB da sunan lauya tukuna. A yi masa rajistar jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC ko NECO, ya zauna ya karanta littattafan da kansu, ba taƙaitawar da ake sayarwa a bakin Taminus ba. Tambayoyin waƙe da wasan kwaikwayo suna son wanda ya san rubutun ciki da bai. A kuma tabbatar jerin littattafan na wannan zangon ne, domin ana sauya su bayan 'yan shekaru, kuma tsofaffin suna nan jibge a kasuwa. Kada a rikita su da ɗan littafin labarin da JAMB ke bayarwa wajen rajista. Wancan na jarrabawar Turanci ne, kowa yana karanta shi har mai neman injiniya.

Idan za a haɗa sakamako biyu, a fara duba ko jami'ar tana karɓar zama biyu a kwas ɗin lauya. Uku dai ba a karɓa. Lissafi kuma kada a yi wasa da shi, jami'o'i da yawa sun saba neman kiredit a cikinsa.

Kuskure na biyu ya fi ciwo, domin shi ba shekara ɗaya yake ci ba. Tsangayar lauya tana da iyayen gida biyu. Akwai NUC mai kula da jami'o'i baki ɗaya, akwai kuma Majalisar Ilimin Lauyoyi, wadda aka kafa a 1962, kuma ita ke riƙe da makarantar Bwari. Majalisar ce ke amincewa da tsangaya, ita ce kuma ke yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Mutane suna jin "NUC ta amince" sai su biya kuɗi. Ba su tambayi ɗayan ba. Ɗauki misali: an yanka wa tsangaya mutum 100, ta kwashi 250 saboda kuɗin makaranta. Bayan shekara biyar, 100 ne za su tafi Bwari, sauran su bi layi, kuma kafin a kai kansu ajin da ke bayansu ya fito ya hau layin. Haka mutum zai zauna a gida da digiri a akwati, ana kiransa Barista a unguwa, shi kuwa ko takardar sayar da fili ba shi da hurumin sa wa hatimin lauya. Ba kuma labarin da ba ne: a farkon 2025 JAMB ta sanar da dakatar da ɗaukar ɗaliban lauya a wasu jami'o'i saboda hukuncin Majalisar.

Don haka kafin ka rubuta sunan jami'a a fom, musamman sababbi da masu zaman kansu, nemi jerin tsangayoyin da Majalisar ta amince da su da adadin kowace. Ni ba na tsayawa nan. Nakan ce a je tsangayar da ƙafa, a sami ɗan aji biyar, a yi masa tambaya biyu: ku nawa ne a ajinku, kuma waɗanda suka gama bara duk sun tafi Makarantar Lauyoyi? Amsarsa ta fi duk wata takardar talla. Duk wanda ya ce maka akwai digirin lauya na ƙarshen mako ko na karatu daga gida, ka riƙe kuɗinka. Majalisar ta daɗe da rufe ƙofa ga irin wannan digirin. Masu tsallakawa Kwatano da Lome su ma su yi hattara. Tsarin shari'ar ƙasashen nan na Faransa ne, namu ya samo tushe daga na Ingila, kuma a watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Ko wanda ya karanta lauya a Ingila, idan ya dawo sai ya fara yin kashi na farko na Makarantar Lauyoyi kafin ya haɗu da 'yan gida a kashi na biyu.

Ga masu son ɓangaren Shari'ar Musulunci, a bambanta abu biyu. Digirin Nazarin Addinin Musulunci daban, LL.B daban. Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero suna da LL.B mai ɗauke da Shari'a, kuma shi ne ke kai mutum Bwari. Darussan da ake nema a JAMB kan ɗan bambanta a wannan ɓangaren, a duba kundin kafin a cika.

Sai maganar maki. Mafi ƙarancin makin da ake sanarwa bayan taron JAMB da shugabannin jami'o'i, kamar 140 a 2024 da 150 a 2025, ba na mai neman lauya ba ne. Wannan ƙasan rijiya ne. Jarrabawar maki 400 ce, tambaya 180 cikin awa biyu, 60 a Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun. A jami'ar tarayya ana raba guraben ne kashi 45 cikin ɗari ga cancanta, 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 ga jihohin da aka lissafa a masu ƙarancin ilimin boko. Yanzu ɗora wannan rabon a kan ɗan adadin da Majalisar ta yanka, ka cire rabon 'yan DE, za ka ga kujerun ba su taka kara sun karya ba. Ni dai yaron da bai haura 270 ba, ba na barin sa ya saki jiki da Jami'ar Jos ko ta Abuja. Nakan sa shi ya duba jami'ar jiharsa, ko ya shirya sake zama. Wasu za su ce na tsaurara. Na gwammace haka da a yi ta zaman jiran suna har a rufe.

Wannan rabon ne ya sa jihar asali ke da nauyi, kuma mu mutanen Jos mun san yadda maganar take. Yaro an haife shi a Gangare, kakansa daga Kano ko Bauchi ya zo, sai a NIN a rubuta jiha ɗaya, a JAMB wata, takardar ƙaramar hukuma kuma ta nuna ta uku. Ranar tantancewa duk za a jera su a tebur ɗaya. Rubuta jihar da kake da takardarta a hannu, ka tsaya a kanta ko'ina. Haka sunaye: Muhammad a WAEC, Mohammed a NIN, Muh'd a takardar haihuwa. Gyara tun yanzu, domin sunan nan zai bi ka har kundin Kotun Ƙoli.

Yanzu ku saurara, ku masu cewa "karɓi abin da aka ba ka, in ka shiga sai ka koma lauya." Wa ya gaya muku haka ake yi? Idan jami'a ta ga makin yaro bai kai ba, takan tura masa tayin wani kwas a CAPS, shafin da JAMB ke ba da gurbi ta cikinsa, kamar Tarihi ko Nazarin Addini ko wani harshe. Da ya danna amincewa, an cire shi daga layin lauya ke nan. Komawa daga wata tsangaya zuwa lauya abu ne mai matuƙar wuya saboda adadin nan da aka yanka; ba ta da kujerar da za ta ba wanda ya shigo ta taga. In yaron yana son kwas ɗin da aka ba shi, madalla, ya karɓa da zuciya ɗaya. In lauya yake so, hanyoyin gaskiya su ne ya sake JAMB, ko ya yi karatun share fage na IJMB ko JUPEB da darussan da suka dace ya nemi DE, ko ya gama digirin farko da sakamako mai kyau ya dawo ta DE. Difloma a fannin lauya ma hanya ce, amma kafin a biya kuɗinta a tambayi jami'ar da ake hari ko tana karɓar diflomar wannan makarantar, kuma da wane mataki. Yara da yawa sun ƙare shekara biyu a difloma, suka fito suka tarar ba inda za ta kai su.

Mafi muni shi ne admishan ɗin bayan fage, wanda wani zai karɓi kuɗi ya kawo maka takarda. Tun 2017 da JAMB ta kawo CAPS, gurbin da bai bi ta can ba ba gurbi ba ne. Sunanka ba zai hau kundin ɗaliban JAMB ba, kuma za ka gane haka ne lokacin bautar ƙasa. Aikin lauya kuwa ana bincikar halin mai shigarsa kafin a rantsar da shi. Takardar bogi ko laifin satar amsa na iya tare mutum a ƙofar ƙarshe bayan shekara shida.

Sauran ƙanana ne, amma suna kayarwa. Layin wayar da ka tura NIN da shi zuwa 55019 ko 66019 don karɓar lambar rajista, naka ne na kanka, kada ka yi da na mai shagon intanet, kada kuma ka yar da shi. Wanda ya yi rajista yana jiran sakamako, da ya fito ya koma cibiyar CBT, inda ake rajistar JAMB, a ɗora masa shi a shafin JAMB, ba a shafin jami'a kaɗai ba. In babu shi a can, CAPS ba ta ganin ka. Jami'ar da kake so da gaske ita za ka sa a zaɓi na farko, domin a kwas irin wannan ba a waiwayar zaɓi na biyu. Fom ɗin tantancewa na jami'a yana da ranar rufewa, kuma ba a aiko da manzo. Shekarun shiga jami'a 16 ne, a lissafa kafin a tsallakar da yaro aji. Iyayen da ke hana 'ya'yansu mata saboda hijabi kuma, tun 2018 aka amince a rantsar da lauya mace da hijabinta.

Ranar rajista, kafin ka tashi daga kujerar cibiyar CBT, karanta takardar da aka buga maka da idonka: suna, ranar haihuwa, jiha, kwas, da darussa huɗu. Ma'aikacin yana cika wa ɗaruruwan yara a rana, hannunsa na iya zamewa ya sa maka Tattalin Arziki a gurbin Litirecha. In ka gani a wurin, kafin a tura, minti ɗaya ne gyaransa.