Yadda Za Ka Zaɓi Ƙaton Makankarin Teku Na Farko

Kafin ka sayi komai, ka duba ruwan tankinka na gilashi. Makankarin Tridacna, wato ƙaton makankarin teku, yana son ruwan gishiri mai ɗumin digiri 24 zuwa 27. Mu nan Sakkwato, a watan Afrilu zafi kan haura 40, don haka sai ka tanadi injin sanyaya ruwa da sola saboda ɗaukewar wuta. In babu su, ka haƙura tukuna.

Sannan a cikin ire-irensa ka nemi wanda ake kira derasa. Shi ne mai juriya, kuma a kan yashi yake zama. Maxima da crocea sun fi kyau, amma haske mai ƙarfi suke buƙata. Gigas kuwa yana wuce mita 1, ina za ka kai shi?

Ka ɗauki wanda aka kiwata, mai tsawon santimita 8 ko fiye. Ƙananan sun fi wuyar reno.

A gaban mai sayarwa, ka gitta hannunka tsakaninsa da fitila. Mai lafiya nan take zai tsuke namansa. In ya wangame baki bai motsa ba, ka bar shi. Ka leƙa ƙarƙashinsa kuma, ko akwai ƙananan dodon koɗi farare kamar ƙwayar shinkafa. Su ke tsotse shi.