Yadda matashi zai fara waƙar rege a Jos ba tare da yunwa ta kore shi ba

Abu na farko, tun kafin situdiyo, tun kafin ka zaɓi sunan da za a riƙa kiranka da shi a kan dandamali, nemi mai ganga da mai jitar bas. Bas nake kaɗawa a garin Jos tun ina saurayi, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne in ga yaro mai murya, mai baiti, ya kwashi ɗan kuɗinsa ya kai wa mai fiyano, a danna masa kiɗan da ke cikin na'ura, a ce wai an yi rege. Nauyin wannan kiɗa a kan ganga da bas yake. In ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, mai ganga yakan bar bugun farko fayau, sai a na uku ya sauke ƙafa da sanda lokaci guda. Jita gajeren sara take yi a na biyu da na huɗu. Ita kuwa bas zagayawa take yi a tsakani, ta yi magana ta yi shiru, kuma shirun nan shi ne rabin daɗin. Na'ura za ta jera maka bugun daidai wa daida, amma ba ta san ta ɗan ja jiki ta jira mawaƙi ya gama numfashi ba.

Ina za ka same su? A garin nan yawancin gwanayen ganga da jita a coci suka koya, wasu kuma a ƙungiyoyin da ke wasa a otal-otal. Ko kai Musulmi ne daga Bauchi Road ko Kirista daga Tudun Wada, ka je ka gaishe su, ka rera musu abin da ka rubuta. Mutum huɗu sun isa a fara: ganga, bas, jita, fiyano. In ka samu 'yan amshi biyu, ka gode wa Allah. Ku tsayar da rana ɗaya a mako don gwaji, kuma tun a zaman farko ku yi maganar kuɗi a fili: nawa ne rabon kowa in an yi wasa, wa zai biya kuɗin mota, wa zai sayi tsirkiya in ta tsinke. Ƙungiyoyin da na ga sun watse, kunyar wannan magana ce ta watsa su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kowane hannu yana son ya san abin da zai koma gida da shi.

Sai batun harshe, kuma a nan zan daɗe, don a nan ne yaranmu suka fi ɓata. Ƙanena, kada ka murɗe bakinka kana kwaikwayon Turancin mutanen Jamaika. Su da harshen unguwarsu suke waƙa, shi ya sa take kama zuciya. Dubi Alpha Blondy da Tiken Jah Fakoly na Kwaddibuwa: da Julanci da Faransanci suka yi suna, har duniya ta zo ta same su a inda suke. Kai kana da Hausa, wadda ake ji daga Filato har Yamai, har unguwannin zango na Kumasi da Akkara. In kana da Birom ko Angas, ka sa su a ciki su ma. Sai dai Hausa tana da sharaɗinta. Tana da doguwar gaɓa da gajera, tana da hawa da saukar murya, kuma in ka ja wasalin da bai kamata a ja ba don ya dace da kiɗa, mai sauraro zai ji kamar baƙo ne ke magana. Dabarar da nake ba yara ita ce su fara faɗin baitin da baki, yadda za su faɗa wa abokinsu a majalisa, su ɗauka a waya, sannan a gina karin waƙar a kan yadda maganar ta hau ta sauka. Kiɗan ne zai bi maganar. Kuma kada ka raina kayan kiɗan gida. Marigayi Dan Maraya, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙe ƙasar nan har ya rasu a 2015. Kuntigi yana zama daram a gurbin saran jita, kalangu kuma yana iya amsa wa bas in mai kaɗawa ya san ya bar sarari.

Me za ka faɗa? Abin da idonka ya gani. Kasuwar Terminus da ta ƙone a 2002, kududdufan da haƙar kuza ta bari, manomin dankali a Bokkos da ke tsoron zuwa gonarsa, ɗalibin da ya gama jami'a yana tuƙa Keke Napep. Rege kiɗan faɗin gaskiya ne, kuma gaskiyar tana da tsada. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta haramta faifan rege na farko na Lucky Dube, shi kuma Tiken Jah sai da ya bar ƙasarsa ya koma Bamako a 2003 saboda barazana. A garin da ya ga rikicin ƙabila da addini a 2001 da 2008 da 2010, ina roƙonka ka soki zalunci, ka soki cin amana, amma kada ka ɗora laifi a kan ƙabila ko addini. Baiti ɗaya na iya zama ashana. In kuma kana da niyyar kai waƙarka kasuwar Kano, ka sani akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jihar, kuma mawaƙa ma suna ƙarƙashin kulawarta, don haka ka bi ta ƙofarta.

Kada ka shiga situdiyo sai waƙar ta nuna a wajen gwaji. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowace awa da janareta ke aiki daga aljihunka take fita, don haka can ba wurin neman baiti ba ne. A fara ɗaukar ganga da bas tare, sauran su biyo baya. In an gama haɗawa, kada ka yanke hukunci da manyan lasifikokin situdiyo. Ka tura waƙar a ƙaramar waya ka saurara, don a nan ne mutanenka za su ji ta, kuma ƙaramar lasifika ba ta fitar da muryar bas mai zurfi. In ka ji bas ta ɓace, ka ce wa mai haɗa sauti ya ɗan ɗago saman muryarta har kunne ya kama ta. Ka gwada a mota ma. Kafin ka fita, ka karɓi kowane sauti daban-daban a filas ɗinka, ganga ita kaɗai, murya ita kaɗai, domin kwamfutar situdiyo tana lalacewa, kuma wata rana za ka so a sake haɗa waƙar.

Takarda kuwa, a rubuta ta a ranar. Waƙa tana da haƙƙi iri biyu: na wanda ya ƙirƙiri baiti da kari, da na wanda ya mallaki sautin da aka ɗauka. Ku rubuta wa ya yi me, kashi nawa ne nasa, furodusa an sallame shi ne gaba ɗaya ko yana da rabo, kowa ya sa hannu. A dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, haƙƙinka yana tabbata da zarar an rubuta ko an ɗauki waƙar, amma yin rajista da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya zai zama maka hujja ranar gardama. Ka shiga MCSN, ƙungiyar da ke karɓar kuɗi a madadin masu waƙa in an sa ta a rediyo ko otal. Wanda yake Nijar, BNDA ce tasa, na Gana kuma GHAMRO. In wani ya zo da kwantiragi mai shafuka da yawa yana gaggauta ka, ka kai wa lauya tukuna.

Intanet za ta kai sunanka nesa, amma ba za ta ciyar da kai da wuri ba. Spotify ya shigo Najeriya a 2021, kuma tun 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 a cikin shekara ba, ba ta samun ko kwabo a can. YouTube ba zai fara raba kuɗin talla da kai ba sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata 12, ko mabiya 1,000 da kallon gajerun bidiyo sau miliyan 10 a cikin kwana 90. Ka sa waƙarka a Audiomack da Boomplay, inda talaka ke saurare kyauta. Masu tura waƙa a waya a bakin tasha ma, ni ban ɗauke su abokan gaba ba ga mai farawa. Ka ba su waƙa ɗaya da hannunka, da sunanka a faɗe a cikinta, su yaɗa maka ita. A gidan rediyo kuma ka nemi mai shirin rege na mako, ka je da kanka, don shi ne yake son abin. Akwai waɗanda za su ce sai ka ba da na goro kafin su sa. In ka fara, ba ka da ranar dainawa.

Abincinka yana kan dandamali. Matsalar ita ce masu biki sun gano dije ɗaya, mai sa waƙoƙi a na'ura, ya fi makaɗa shida araha, kuma dokokin hana fita da aka sha sa wa garin nan sun koya wa mutane komawa gida da wuri. Don haka ka fara wasa da la'asar, ka tashi kafin dare ya yi nisa. Ka nemi wuri ɗaya, ko ƙaramin lambun shaƙatawa ne, ka riƙe rana ɗaya a wata, mutane su san in sun zo za su same ka. Ɗaliban Jami'ar Jos suna da bukukuwansu, ka nemi shugabanninsu. Ranar 11 ga Mayu, ranar tunawa da rasuwar Bob Marley a 1981, kowa zai neme ka, to ka je, amma ka yi waƙoƙinka a ciki, kada ka zama wanda ake tunawa da shi sau ɗaya a shekara. Ka karɓi rabin kuɗi kafin ka ɗauki kaya daga gida.

Akwai kuma kallon da ake yi mana. Da an ga gashin dada sai a ce wiwi, a shingen bincike a sauke ka, a gida iyaye su ce ka lalace. Babu inda aka ce sai ka tara gashi ko ka sha wani abu kafin ka yi rege, kuma tabar wiwi haramtacciya ce a dokar Najeriya, hukumar NDLEA ba ta tambayar irin waƙar da kake yi. Ka hana kowa shigowa wajen gwajinku da ita. Ka riƙe sana'ar hannunka, ko ɗinki ne ko gyaran waya, har kiɗan ya fara biyan haya. Iyaye kuwa gardama ba ta sauya musu ra'ayi. Ka gayyaci kawunka ko yayarka zuwa wasan la'asar, ka ba su kujera a gaba, su ji abin da kake faɗa, su koma gida su ba da labari da bakinsu.