Yadda ake tsara layuka a saƙon imel maras ado

Sakataren ƙungiyar manoma a Argungu ya tura wa mai sayen shinkafa a Gusau saƙo. Da mutumin ya buɗe a wayarsa, sai ga layi ɗaya dogo, na biye kalma biyu kacal, haka har ƙasa. Farashin buhu ya rabu da sunan shinkafar. Dalili shi ne sakataren ya riƙa danna Enter duk inda allon kwamfutarsa ya ƙare, alhali allon waya bai kai wannan faɗin ba.

Da farko ka cire ado, wato launi, kaurin haruffa da makamantansu, ya rage rubutu zalla. A Gmail na kwamfuta, danna ɗigo ukun da ke ƙasan akwatin rubutu, ka zaɓi Plain text mode.

Daga nan ka tambayi kanka: wanda za ka tura wa, a ina zai karanta? In a waya ne, kamar yawancin mutanenmu, kada ka yanke layi da hannunka ko kaɗan. Bar rubutun ya tafi, wayar za ta naɗe shi daidai faɗinta, sai dai in manhajar imel ɗinka ta yanke layin da kanta. Enter sai ƙarshen sakin layi, ka danna sau biyu don a sami fili. Ni a ganina wannan kaɗai ya magance rabin matsalar.

In kuwa masu aiki a kwamfuta kake rubuta wa, tsaya a haruffa 72 a kowane layi. Ƙa'idar imel ta RFC 5322, wadda ta fito a 2008, ta ba da shawarar kada layi ya wuce 78, iyakar ƙarshe kuma 998. Ana tsayawa a 72 ne saboda duk amsar da aka mayar tana ƙara alamar > a gaban tsoffin layuka. In ba ka bar musu wuri ba, amsa ta uku ko ta huɗu ta wargaje. Manhajar imel ta Thunderbird da ma a 72 take yankewa da kanta.

Jerin farashi kuma kada ka daidaita shi da tazara, don faɗin haruffa ya bambanta daga na'ura zuwa na'ura. Kaya ɗaya, layi ɗaya: suna, nauyin buhu, kuɗi. Adireshin intanet mai tsawo ka ba shi layinsa shi kaɗai, domin in ya karye ba zai buɗu ba.

Kafin ka tura wa kowa, tura wa kanka, ka buɗe a waya. Duba ɓ, ɗ da ƙ. In sun koma alamar tambaya, mayar da saitin haruffa zuwa UTF-8, tsarin da ya san waɗannan haruffa.