Yadda Ake Gyara Kwiɓin Mota na Baya da Kuɗi Kaɗan

Duk wanda aka taɓa daka wa mota ta gefen baya ya san cewa gyaran wannan wuri ya fi na gaba wahala, kuma dalilin yana cikin yadda aka ƙera motar. Madigadin gaba da notuna aka ɗaure shi, idan ya lalace sai a kwance a sa wani. Amma farantin da ya tashi daga bakin ƙofar baya, ya zagaye saman taya, ya ƙare a jikin fitila da but, wanda zan riƙa kira kwiɓin baya, da walda aka haɗa shi da gangar jikin motar tun daga masana'anta, kuma a yawancin motoci ya zarce sama har ya haɗu da rufi. Canza shi ɗungurungum yana nufin a cire bamba da fitila da kayan ciki, wani lokaci har da gilashi, a huda ɗigon walda ɗaya bayan ɗaya, sannan a yanka a ɗora sabo. Kuɗin aikin hannu kaɗai yakan fi kuɗin farantin. Saboda haka mai ƙaramin ƙarfi ya fi dacewa ya ceto wanda yake jikin motar, muddin ɓarnar ba ta wuce fata ba.

Wannan sharaɗi shi ne abin da za ka fara tabbatarwa kafin ka sayi ko da takardar samfefa ɗaya. Ka wanke motar sarai, ka tsayar da ita inda haske zai bugo ta gefe, ka durƙusa ka dubi jikin daga wajen fitilar baya zuwa gaba, domin ta haka ne lotsewar da ba a gani daga tsaye take bayyana. Ka buɗe ƙofar baya ka rufe, ka ji ko tana shiga kamar da ko sai an ɗaga ta. Ka kwatanta ratar da ke tsakanin ƙofa da kwiɓi, da wadda ke tsakanin murfin but da kwiɓi, da takwarorinsu na ɗaya gefen. Ka ɗaga shimfiɗar but ka duba ko ƙasan ya tattare, ka duba rufi ko ya yi ɗan lanƙwasa a saman ginshiƙi, ka kuma duba ko tayar baya tana tsaye daidai a tsakiyar mazauninta. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya kauce, to dukan ya kai ga ƙashin motar, kuma wannan aikin masu injin jan shasi ne. Ina roƙon mai karatu kada ya yi tsimi a nan, domin wannan sashe yana cikin abin da ke kare mutanen da ke zaune a baya idan an sake yin karo.

Ka ɗauki ɗan maganaɗisu ka naɗe shi a tsumma mai laushi ka bi jikin farantin da shi. Inda ya kama da ƙarfi, ƙarfe ne zalla. Inda ya yi sanyi ko ya faɗi, akwai tsohon foti, ƙullin nan da ake cike lotsewa da shi, a ƙarƙashin fenti, wato an taɓa gyara wurin. Idan kuwa bai kama ko'ina ba, mai yiwuwa farantin na alminiyom ne, wanda bugunsa da waldarsa daban suke, kuma ba ya cikin abin da wannan bayani ya ƙunsa.

Bututun da ake zuba mai yakan bi ta bayan kwiɓi a gefe ɗaya ya gangara zuwa tanki, kuma wayoyin fitila suna bi ta ciki. Duk aikin da zai fitar da tartsatsi, na giranda ne ko na walda, sai an cire wayar kan batir mai alamar ragi (−), an janye wayoyi da soso da kafet, an tabbatar babu warin fetur, an kuma ajiye abin kashe gobara a kusa. Tabarau na kariya da takunkumi da safar hannu suna cikin kuɗin aikin tun daga farko.

Daga nan sai neman hanyar kaiwa ga bayan farantin. Cire rufin gefen but da fitilar baya da robar da ke cikin mazaunin taya yakan buɗe maka sarari mai yawa, sai dai kusa da bakin taya farantin yakan zama ninki biyu, hannu ba ya shiga. Idan lotsewar mai faɗi ce, ba ta da kaifi, kuma fenti bai fashe ba, ka yi sa'a, domin sau da yawa turawa da tafin hannu daga ciki tana dawo da mafi yawanta. Inda hannu bai kai ba, akwai 'yan robobi da ake mannawa a kan fenti da gam mai zafi, a bar shi ya huce, a ja a hankali, sannan a ɗiga sifirit a gefen gam ɗin ya saki. Wannan hanya ba ta taɓa fenti na asali, wanda babu wani fentin da za ka fesa da zai kai shi ƙarko.

Lotsewa mai kaifi ita ce ke buƙatar guduma da ɗan dunƙulen ƙarfen da ake tokarewa da shi ta baya. Kaurin farantin mota bai kai milimita 1 ba, saboda haka duka mai ƙarfi yana baza shi ya ƙara faɗi, daga nan ya riƙa ɓullowa yana komawa idan an danna, kamar gindin gwangwani. Abin da masu gyaran jikin mota suka sani shi ne cewa wurin da ya fara lotsewa shi ne ke ƙarshen fitowa. Dukan ya fara ne a tsakiya ya bazu zuwa gefe, don haka gyara yakan fara daga gefe, inda ƙarfen ya yi ɗan tudu, ya gangaro zuwa tsakiya. Ka tokare kwarin ta ciki, ka riƙa ƙwanƙwasa tudun ta waje da duka marar nauyi, kana zagayawa, kana tsayawa kana shafawa da tafin hannu. Hannu ya fi ido gane tudu da kwari, musamman idan ka shimfiɗa ƙyalle mai santsi tsakanin tafinka da ƙarfen. Idan layin ado na jikin motar ya ratsa wurin, shi za ka fara dawo da shi, domin shi ke riƙe da siffar farantin. Kada ka huda ramuka don ka sa ƙugiya ka ja, kamar yadda wasu suke yi, domin kowane rami ƙofar ruwa ce. Gara ka biya mai injin da ke manna ƙananan ƙusoshi a jikin ƙarfe ya ja maka wurin da ya gagara, ka ƙarasa sauran da kanka.

Idan tsatsa ce ta cinye bakin taya, ka goge fentin har ka ga iyakarta, kuma ka sani takan fi abin da ake gani a waje faɗi, domin daga ciki take tasowa. Wurin da ya huje ko ya yi laushi sai an yanke shi har zuwa ƙarfe mai lafiya. Ka zana siffar ramin a kan kwali, ka yanko faci daga ƙarfe mai kauri iri ɗaya. Guntun kwiɓi da aka yanko daga matacciyar mota irin taka ya fi komai, saboda ya zo da lanƙwasarsa. Ka shirya komai da kanka, ka kira mai walda ya haɗa kawai, kuma ka nemi ya yi ɗigo-ɗigo, yana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan yana barin ƙarfen ya huce. Walda a jere ba tsayawa tana murɗe farantin har gyaran ya fi ɓarnar farko girma.

A kan foti ne na fi so mai karatu ya saurare ni, domin a nan ne masu neman sauƙi suka fi yin asara, ni ma a nan na yi tawa. A motata ta farko na gaji da bugu, na cike kwari mai zurfin yatsa da foti, na goge, aka fesa fenti, ta yi kyau ƙwarai. Ba a yi shekara ba wata siririyar tsaga ta fito a saman taya, ruwa ya shiga, fentin ya kumbura, ranar da na sa wuƙa a wurin sai guntun ya ɓalle gaba ɗaya, bayansa ja wur da tsatsa. Na biya kuɗin fenti sau biyu saboda wuni ɗaya da na ƙi ƙarawa a kan ƙarfe. Aikin foti shi ne share 'yan tabon da guduma ta bari, kuma ya fi kyau kaurinsa ya tsaya a wajen milimita 3.

Ka goge wurin da samfefa mai lamba 80 har ƙarfe ya fito fes, ka wuce iyakar ɓarnar da ɗan taƙi, ka share ƙura da maiƙo. Ka kwaɓa fotin a kan faranti mai tsabta da ba ya shan ruwa, ka sa masa maganin daskarewa kimanin kashi 2 cikin 100, kana ninkewa kana dannewa har launin ya zama ɗaya, domin juyawa da sauri tana cusa masa iska. Minti 3 zuwa 5 kawai kake da su kafin ya fara ƙarfi, kuma zafi yana rage wannan lokaci, don haka ka kwaɓa kaɗan-kaɗan. Shafin farko ka danna shi sosai ya kama ƙarfe. Bayan minti 20 zuwa 30 sai ka naɗa samfefa a jikin katako mai tsawo kuma miƙaƙƙe, ka riƙa gogewa a karkace, dama da hagu, kana bin lanƙwasar motar. Da yatsu kawai ba a samun shimfiɗa, sai igiyoyi da za su fito bayan fenti ya yi sheƙi. Kada ka jiƙa foti da ruwa wajen guga, domin yana tsotse danshi ya kai shi ga ƙarfe. Daga lamba 80 ka koma 180, sannan 320 a kan gefen tsohon fenti har ka daina jin gaɓa a ƙarƙashin yatsa.

Ka rufe gilashi da taya da ƙofa da takarda da salatif, ka fesa faraima (shafin da ake fara yi kafin fenti) mai hana tsatsa a kan duk ƙarfen da ya fito, sannan mai cike ƙananan zane hawa biyu ko uku. Idan ta bushe, ka ɗan watsa baƙin fenti sama-sama ka sake gogewa da katakon: duk inda baƙin ya maƙale, kwari ne da ya rage. Ka ƙare da lamba 400 zuwa 600.

Lambar launin motar tana kan wata 'yar takarda ko ƙaramin faranti, galibi a ginshiƙin ƙofar direba ko cikin bonet ko cikin but. Da ita za a haɗa maka fenti, amma ka gwada a kan wani guntun ƙarfe ka kara da jikin motar a rana, domin tsohon fenti ya riga ya koɗe. Ka riƙe gwangwanin da nisan santimita 20 zuwa 25, ka fesa hawa marar kauri, ka jira minti 10 zuwa 15 tsakanin hawa da hawa, kana faɗaɗa kowane hawa kaɗan don sabon launi ya narke cikin tsoho, sannan ka rufe da ruwan sheƙi. Fenti mai ƙyalƙyali, musamman ruwan azurfa, yana da wuyar dacewa, kuma fentin da ake haɗawa da maganin daskarewa yana cutar da huhu, takunkumin ƙura ba ya tare shi. A irin wannan hali ka kai motar a shirye, an gama foti da faraima, ka biya mai fenti kuɗin feshi kaɗai.

Kafin ka mayar da kayan cikin but, ka koma bayan farantin, inda zafin walda da bugun guduma suka ƙone ko suka fasa shafin kariya da masana'anta ta yi masa. Ka goge, ka shafa faraima, ka toshe gaɓar walda da gam ɗin toshe haɗi, ka fesa kakin hana tsatsa cikin ninkin bakin taya, sannan ka zura waya a 'yan ramukan fitar ruwa da ke ƙasan kwiɓin ka tabbatar ba su toshe ba. Sabon fentin kuma ka wanke shi da ruwa da sabulu marar kaifi kawai, ka bar shi kimanin wata ɗaya ya gama ƙarfi kafin ka shafa masa man sheƙi.