Kalmomin da muke wa riƙon sakainar kashi

Bahaushen Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, yakan wuni yana sauya harshe: Fulatanci a kasuwa, Faransanci a ofis, Hausa a gida. In ya haye gada daga Kusuri zuwa Njamena kuma, sai Larabcin Chadi. Baiwa ce. Sai dai garin sauri, ƙananan kalmomin da ke ƙulla ciniki su kwantar da zuciya su ne muke yi wa sakaci.

A fara da kuɗi, don nan kuskure ya fi ciwo. Dala ɗaya sefa biyar ce, saboda haka mai tumatir ta ce "dala ashirin", sefa 100 take nufi. Riyal ma a Njamena sefa biyar ne. Ɗan kasuwa ya ce maka "miya" (ba ta tuwo ba, ɗari ce da Larabci), to shirya sefa 500. Jaka a wajenmu sefa 1,000 ce, da ka tsallaka zuwa Mubi a Najeriya ta koma naira 200. Kafin ka ce "na saya", tambayi mai kaya da wane lissafi yake magana. Ba abin kunya ba ne.

Sai "albarka". Mai kaya ya faɗe ta, bai kore ka ba. Ya ƙi tayinka ne, ya haɗa maka da addu'a, ya bar ƙofa a buɗe ka ƙara. Yanzu sai ka tarar da yaro a shagon atamfa, ido a kan waya, ka taya, ya kaɗa kai ya ce "ba zai yiwu ba". Mai saye ya wuce, ba ya dawowa. Masu saye ma da laifinsu: mutum ya yi ta taya kaya har a ce "na sallama", sannan ya ce bari ya zagayo. Da an sallama, ciniki ya faɗa. In ba ka da niyyar saya, tambayi kuɗi kawai, kada ka taya.

Gaisuwa ta fi kowace shan wuya. Saƙo ya shigo WhatsApp: "slm", biye da shi "a turo min kuɗin mota". Ina kwana, ina gajiya, ina iyali? Abin mamaki, ɗalibin da ba zai yi gigin yi wa malaminsa maganar tsara da Faransanci ba, shi ne zai ce wa kawunsa "kai, kana ina?" Cewa "Kawu, kun tashi lafiya? Ya mutanen gida?" ba ya cin minti guda, kuma buƙatar da ta biyo bayansa ta fi samun kunne.

A gidan rasuwa, "ya haƙuri?" da "Allah ya jiƙansa" sun wadatar. Tambayar me ya same shi, a wane asibiti, bar ta sai wani jiƙon. Wanda ya tsira daga haɗari, barka da arziki ake yi masa. Wanda ya yi asara, jaje: Allah ya mayar da alheri.

"In sha Allah" kuwa, mun mai da ita mafakar ƙin cika alkawari. Ana saura kwana uku Sallah, tela ya karɓi yadi alhali ɗinki ya kai masa wuya, ya ce "gobe in sha Allah". Shi ya san ba zai gama ba. Gara ya ce "ka yi haƙuri, aiki ya yi mini yawa", a rabu da mutunci.

Rubutu ma haka. Da yake da Faransanci muka yi boko, sai ka ga "sannou", "tchiki", "djiya". Hausa tana da ƙa'idarta, har taron UNESCO na Bamako a 1966 ya zauna a kanta: sannu, ciki, jiya. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ, suna cikin allon rubutun Hausa na waya, saita shi kawai za ka yi. Ka kula da raba kalmomi kuma. Wanda ya rubuta wa maigidansa "yaron ya bata kudin" ya bar shi cikin duhu: ya ba ta kuɗin ne, ko ya ɓata su?