Unguja, Pemba ko Mafia: Wane Tsibiri Ya Dace da Iyalinka?

A hoto duk ɗaya suke: farin yashi, bishiyoyin kwakwa, ruwa garai-garai. Tsibiran uku suna gaɓar Tanzaniya, kowanne tafiyar kusan rabin sa'a ce zuwa sa'a guda a ƙaramin jirgin sama daga Dar es Salaam, kuma akasarin mazaunansu Musulmi ne, don haka masallaci da abincin halal ba abin nema ba ne. Amma maigidan da zai tafi da uwargida da yara ba da hoto zai yi zaɓi ba. Abin da zai fara dubawa shi ne shekarun autansa, sannan halin ruwan da ke gaban masaukin.

Fara da ruwan, kafin otal

Tekun wannan yanki yana cika yana janyewa sau biyu a kwana, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kimanin minti 50. A Unguja, wato babban tsibirin da aka fi kira Zanzibar, wannan ne ya raba gaɓar gida biyu. A gabas, wajen Paje, Jambiani, Bwejuu, Kiwengwa da Matemwe, ƙasan tekun shimfiɗaɗɗe ne har zuwa shingen murjani, don haka idan ruwa ya janye yakan yi nisan ɗaruruwan mitoci, wani wurin ya kai kilomita. Mutum ya biya kuɗin ɗaki mai kallon teku, ya fito da hantsi ya tarar da fili fetal, mata suna aikin gonakin ciyawar teku. A arewa kuwa, Nungwi da Kendwa, ƙasa tana gangarawa da sauri, ana iya wanka kusan kowane lokaci.

Wannan ba ya nufin arewa ta fi. Ga mai yara 'yan shekara 2 zuwa 6, gabas ta fi kwanciyar hankali: ruwa iya idon sawu, ƙananan kududdufai masu ɗumi, ƙaguwa da 'yan kifaye da za su shagaltar da yaro. Sharaɗi biyu ne. Na farko takalmin roba mai rufe ƙafa ga kowa, saboda wata halitta mai baƙar ƙaya kamar bushiya da ke maƙale tsakanin duwatsu. Ƙayarta tana karyewa cikin tafin ƙafa, ciro ta kuma aiki ne. Na biyu, a san lokacin dawowar ruwa. A shimfiɗaɗɗen wuri ruwa ba ya tahowa ta gaba kawai, yakan fara cika kwaruruka ta bayan mutum, sai wanda ya yi nisa da yara ya ga an yanke masa hanya.

Mai lissafi da watan Musulunci yana da sauƙi a nan. Janyewa da cika sun fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren 14 zuwa 16. A waɗannan kwanaki ruwan kan tafi da hantsi ya dawo wajen la'asar. A wajen 7 da 22 ga wata bambancin kaɗan ne. Kowane otal na kirki yana liƙa jadawalin ranar, a tambaya.

Nungwi da Kendwa sun dace da yaran da suka iya iyo, amma can ne cunkoson Turawa 'yan yawon buɗe ido, da mashaya, da kiɗa har tsakar dare, musamman a Kendwa idan wata ya cika. Iyalin da ba ya son yaransa su yini suna kallon shigar da ba ta dace da tarbiyyarsu ba, gara ya nemi Pongwe, Bwejuu ko kudancin Jambiani, ko ya kama gida sukutum mai katanga da wurin wankansa, wanda sau da yawa ya fi ɗakuna uku a otal araha. Daga filin jirgin Abeid Amani Karume zuwa Nungwi kimanin sa'a ɗaya da rabi ne a mota, zuwa Paje kimanin sa'a guda.

Abin da ya sa Unguja ta yi wa sauran fintinkau ga iyali shi ne ranar da yara suka gaji da yashi akwai inda za a kai su: dajin Jozani mai jajayen birai, tsibirin Changuu mai manyan kunkuru, gonakin kayan ƙamshi inda za su ga kanumfari da kirfa a jikin bishiya, da lungunan tsohon gari na Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Babban asibitin Mnazi Mmoja da asibitocin kuɗi ma suna nan.

Pemba

Tana arewa da Unguja, tsibiri ne mai tuddai da kore shar, shi ya sa Larabawa suka kira ta Jaziratul Khadra. Ita da Unguja ne suka haɗu suka zama yankin Zanzibar mai gwamnatin kansa a cikin Tanzaniya, kuma mafi yawan kanumfarin yankin daga nan yake fitowa. Baƙi kaɗan ne, mutanenta masu riƙon addini da kunya, mace mai hijabi ba za ta ji ta fita daban ba.

Sai dai yawancin gaɓarta itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri ne da taɓo. Yashi mai kyau, irin na Vumawimbi a can arewa bayan dajin Ngezi ko na tsibirin Misali, sai an yi tafiya a mota ko kwalekwale. Mashigin da ke tsakaninta da babban yankin ƙasar yana da zurfi da ƙarfin jan ruwa, abin so ga masu nutso, abin tsoro ga uwar ɗan shekara huɗu. Pemba ta dace da iyalin da yaransa suka haura shekara 10, kuma kwana uku sun isa. A je ta sama zuwa Chake Chake, babban garin Pemba. Jirgin ruwa daga Unguja zuwa Mkoani, tashar jiragen ruwan Pemba, yana ɗaukar sa'o'i, teku kan yi tsauri a arewacin Nungwi, kuma a wannan hanya ce wani jirgi da aka yi wa lodi fiye da kima ya nutse a Satumbar 2011. Ko an yi muku tayin naman kififiyar teku kada ku ci. Ya sha kashe mutane a Pemba, yara suka fi yawa.

Mafia

Ita ba ta cikin gwamnatin Zanzibar, tana kudu, daura da bakin kogin Rufiji. Arzikinta a ƙarƙashin ruwa yake: gandun teku, wato yankin da aka keɓe don kare halittun ruwa, da aka kafa a 1995, da murjanin Chole Bay, da kifin nan da ya fi kowane kifi girma a duniya, wanda ake gani kusa da Kilindoni, babban garin tsibirin, daga wajen Oktoba zuwa Fabrairu. Masaukan ƙauyen Utende da ke bakin Chole Bay suna cikin gandun, don haka akwai kuɗin shiga da ake biya kan kowane mutum kowace rana, bayan kuɗin ɗaki. Mai mutum shida ya lissafa wannan tun daga gida. Idan yaranka samari ne da 'yan mata masu iyo, ba za su manta da Mafia ba. Idan ba mai shiga ruwa mai zurfi a gidan, kuɗin jirgin ya tafi a banza.

Lokaci da takardu

Dogon hutun makarantu na Yuli zuwa Satumba ya faɗo daidai: rani ne mai sanyi-sanyi, sai dai iskar kudu da suke kira kusi tana kaɗa teku, mai saurin amai a jirgin ruwa ya yi shiri. Hutun Disamba akwai zafi da tsada. Hutun Afrilu shi ne tsakiyar daminarsu, masika, wasu otal-otal ma rufewa suke yi.

Mai fasfon Najeriya ko Nijar ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi. Sai ya nema tun da wuri an tantance, don haka a ba ta wata biyu, kuma kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin ta fito. Kowa ya riƙe katin rigakafin zazzaɓin shawara, har yara. Tun 1 ga Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorarta, wadda ta fara da dala 44 ga babba. Ta shafi Unguja da Pemba. Ƙananan jiragen Pemba da Mafia kan tsaya a kilo 15 na kaya ga kowane fasinja, sun kuma fi son jaka mai laushi, saboda haka manyan akwatunan da aka taho da su ta Adis Ababa ko Nairobi sai a bar su ajiya a otal. A ciri shilin, kuɗin Tanzaniya, a Unguja ko Dar es Salaam, don na'urar cirar kuɗi ba ta da yawa a sauran biyun. Sauro akwai, a kwana cikin gidan sauro.

Abinci ba zai ba yara wahala ba: ugali tuwon masara ne, ga pilau da biriyani da soyayyen kifi. A manyan otal-otal na baƙi ne kawai ake buƙatar tambaya ko akwai naman alade a kicin. A kuma kula da agogon Sawahili, wanda ke fara ƙirga daga fitowar rana: idan mai kwalekwale ya ce saa mbili, wato sa'a biyu, ƙarfe 8 na safe yake nufi. A sa shi ya nuna lokacin a fuskar waya, a kuma ƙirga rigunan hana nutsewa, har da masu girman yara, kafin kowa ya sa ƙafa a ciki.