Masu rubuta saƙo da Turanci, a kula da "just" da 'yan uwanta

Salamu alaikum jama'a. Na ga ana yawan tambaya kan kalmomin Turanci da ake rage nauyin magana da su, shi ne na ce bari in ɗan tsoma baki.

"Just" ita ce kamar "kawai" ko "ɗan" ɗinmu. Idan ka rubuta "I just want to ask", ka sassauta ne, kamar ka ce "dama ɗan tambaya zan yi". Ga abokin aiki babu laifi. Amma a takardar neman aiki kada ka ce "I am just a graduate", ka rage wa kanka daraja tun kafin a karanta sauran. Sannan tana da wata ma'ana daban: "He just left" na nufin yanzun nan ya fita.

"Merely" kuwa ta rubutu ce, kuma sau da yawa akwai ƙamshin raini a cikinta. Ka ce wa mutum "merely a driver", ai ka taɓa shi.

Wadda ta fi rikita mutane ita ce "a bit" a bakin Turawan Ingila. Shugabanka ya ce "a bit of a problem", kada ka saki jiki, wataƙila matsalar babba ce, kunya ce ta hana shi faɗi kai tsaye.

Abu na ƙarshe, kada a fassara "ɗan taimaka min" da "help me small". A kasuwa ta wuce, a wasiƙar ofis a rubuta "could you please help".